Laushin Shakazoba

Ranar da Suhaibu ya fara ganin Muhsina, hannunsa dumu-dumu yake da baƙin mai. Ta rako mahaifinta ne, Malam Tambaya manomin tumatir, zuwa rumfar gyaran babur a Kura. Tana yin sallama sifana ta kuɓuce masa, bakanike guda!

"Baba, shakazobar bayan nan ta zubar da mai, sai dai a canza ta," in ji shi.

"Ɗaure ta kawai ta yi tauri, yaro. Tumatir ba ya jira."

Haka manoman rani suke yi idan tumatir ya nuna: a murɗe sifirin ɗin shakazoba, mai tare girgizar hanya, har ƙarshe, a labta kwanduna. Suhaibu ya ɗaure, ransa bai so ba.

Kafin tumatir ya ƙare, soyayya ta yi nisa. Kullum sai saƙonsa ya shigo wayar yayanta Isiyaku: "Hasken idona, yau ma na ɗaura taya a baibai, ke kika ja min."

Ana haka, wata safiya shakazobar ta karye a gefen kanal ɗin ruwan noman rani. Malam Tambaya ya faɗi, kwanduna suka danne shi, ƙugunsa ya tsage. Ƙauye ya ɗauka cewa aikin Suhaibu ne.

"Wanda ya kwantar da ni ba zai zama surukina ba," in ji tsohon.

Nan da nan Ɗanbaba dillalin tumatir ya fara sintiri da motarsa, yana dubiya, idonsa na kan Muhsina. Amma da damina ta cinye hanya, aka neme shi aka rasa. Ga asibitin Kura da nisa.

Muhsina ta turo saƙo: "Masoyina, in aka ɗora Baba a babur, kowane rami sai ya yi ihu. Ya ce gara ya mutu a gida. Ka haƙura da ni, na gaji da kuka."

Suhaibu ma kukan ya yi, ba kunya. Ya roƙi Isiyaku ya kawo masa babur ɗin a ɓoye. Ya sa sabuwar shakazoba, ya canza robobinta, ya sassauta sifirin har ƙasa. Ya ɗaura ƙwaryar ruwa a baya, ya yi ta bin hanyar kanal yana gyarawa, har ruwan ya daina zuba.

Da aka ɗauki Malam Tambaya zuwa asibiti, bai yi ko tari ba.

"Isiyaku, wa ya taɓa babur ɗin nan?"

"Suhaibu ne, Baba."

Hawaye suka zubo wa tsohon. "Shi ya ce a canza ta, ni na ƙi. Kira min shi."

A ƙofar ɗakin Malam Tambaya aka ɗaura auren, yana kwance yana jin fatiha. Ya haɗa hannun Suhaibu da na Muhsina ya ce, "Ka riƙe ta da laushin da ka riƙe ni. Allah Ya yi muku albarka."

Bai ga kakar shinkafa ba, Allah Ya ji ƙansa.

Bayan sadakar arba'in, Suhaibu ya zo ɗaukar matarsa a babur ɗin. Tana hawa ta ji bayan ya lotsa.

"Angona, ba za ka ɗan ɗaure shakazobar ba?"

"A'a, Muhsina. Yadda Baba ya ji daɗinta zan bar ta."

Ta kifa kanta a bayansa tana kuka, ya ja su a hankali suka bi gefen kanal.