Shuɗin Buroshin Auta

Magariba ta kawo kai, gidan tela ya yi tsit, irin shirun da ya zauna masa tun rasuwar Auta. Matar telan, wadda yara ke kira Umma, ta shiga banɗaki ɗauko buta, ta kai hannu cikin kofin buroshi kamar kullum. Ƙaramin shuɗin buroshin Auta a jiƙe yake sharkaf. Wata huɗu ke nan da binne mai shi.

Allah ya sani, ba tsoro ta ji ba. Daɗi ta ji, har da murmushi.

A da, goge baki a gidan nan yaƙi ne. Auta ya shige ƙarƙashin keken ɗinki, yayarsa 'yar shekara shida, wadda ake tsokana da Wushirya, ta dafe baki da hannu biyu. Sai Umma ta ƙirƙiro dabara: haƙora tumaki ne, kowace sai an yi mata wanka kafin ta kwanta, zaren sakace kuwa igiyar janyo ɗan akuyan da ya maƙale a tsakaninsu. Ta ƙirga na Auta, ta ƙirga na Wushirya, ana ta ƙyalƙyala dariya. Tun da zazzaɓi ya ɗauke Auta ba ta ƙara ƙirga ko tunkiya ɗaya ba.

Kowace magariba buroshin na jiƙewa, Umma na zuwa ta shafa ta yi shiru da bakinta. Daga baya tsakuwa ta fara sauka a kan rufi, famfo na buɗe kansa. Ran nan Wushirya ta fito daga banɗaki kumatu a kumbure, haƙora a datse. Kwana uku ko ruwa sai an ɗura da cokali.

Tela ya ce zai kira Malam. Umma ta riƙe masa riga.

"Idan Auta ne fa yake zuwa?"

"Ki ji tsoron Allah. Wanda ya tafi ya tafi."

Malam ya zo bayan sallah, ya zauna a gaban yarinyar, ya fara karatu a hankali. Can bakinta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Ya isa, kana ƙona ni! A banɗakin nan nake tun kafin su tare."

"Ke ce ke jiƙa buroshin marigayi?"

Aka yi wata busasshiyar dariya. "Ni da ba haƙori ko ɗaya, me zan yi da buroshi? Yarinyar nan ce. Kullum sai ta taka bokiti ta jiƙa shi, don lokacin kaɗai uwarta ke murmushi. Sannan ta ɗauki nata ta tsaya, tana jiran a zo a ƙirga mata tumaki. Ba mai zuwa. Na ga ba mai sonta, na ɗauke ta."

Umma ta juya ta dubi 'yarta.

"Fita daga jikinta," in ji Malam.

"Zan fita. Amma a ba ni shuɗin buroshin, kuma uwar ce za ta miƙo da hannunta."

Malam ya dubi Umma. Ta ɗauko buroshin. Ga sawun haƙoran Auta nan a jikinsa, inda yake tauna shi don kar a goge masa. Shi kaɗai ya rage mata. Ta daɗe tana juya shi, hawaye na ɗiga a kai, sannan ta sa shi a tafin 'yarta.

Wushirya ta yi atishawa sau uku, ta langaɓe. Da aka buɗe hannun, babu komai a ciki. Tsakuwa ta daina sauka.

Umma ta ɗora ta a cinya, ta matsa man goge baki a ɗan jan buroshin yarinyar. Da yarinyar ta buɗe baki, sai ga haƙora biyu sun yi baƙi ƙirin, dasashi na jini.

"Umma, tumakina sun yi datti ko?"

"Laifin makiyayiya ne, 'yata. Ha."

Ta fara ƙirgawa. Ɗaya, biyu, uku. Da ta kai biyar Wushirya ta riƙe mata hannu, kumfa a baki.

"Gobe ma za ki zo, ko ban jiƙa komai ba?"