Kwalaye Masu Shuɗiyar Sitika

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Ƙarfe ɗaya da kwata na rana, daidai lokacin da ma'aikatan sito suka watse cin abinci, Gatari ya faɗo ta ƙofar lodi da bindiga a hannu. Yaronsa mai suna Shiru na biye da shi, fuska a ɗaure da ƙyalle. A waje direbansu ya riga ya juyo da bayan babbar mota, inji na kunne. Mai gadi ya yunƙura zai taɓa ƙararrawa — Gatari ya sauke masa gindin bindiga a ƙeya. Tsoho ya zube kamar buhu.

Ban da mai gadi, mutum biyu ne kawai a ciki. Ɗaya Tsinke, mai tuƙa motar ɗaga kaya. Ɗayar kuma yayarsa, shugabar teburin sitika, wadda kowa a siton ke kira Yaya. Ita ta raine shi, ita ta samo masa aikin, ita ta tsaya masa a gaban manaja. Da tuni ta fita tare da sauran, amma injin buga sitika ya sake cije takarda, karo na huɗu tun safe, ta tsaya tana zungurarsa da tsinken gashi tana tsine masa.

Tsinke ya gan ta kwance a siminti. Ba haka aka yi da shi ba. Mako uku yana kai wa Gatari rahoto a wani tsohon gareji, yana rantsuwa cewa da rana ba kowa sai mai gadi. Shi ne ya ce an sauke kwantenar takalman wasanni daga ƙasar waje, masu tsadar da ba a tayawa, an kulle su a kejin ƙarfe na cikin sito. Sharaɗinsa ɗaya: kada a taɓa kowa.

"Kai, hau motarka," Gatari ya ce, ya ɗora masa bindiga a wuya don a ga kamar tilasta shi ake yi. "Loda mana."

Shiru ya datse kwaɗon keji da almakashin ƙarfe. Tsinke ya zura haƙoran motar ɗaga kaya ƙarƙashin katakon da aka jera kwalaye a kai, ya ɗaga, ya juya, ya sauke. Ya komo. Kwalaye masu shuɗiyar sitika, jeri bayan jeri.

"Oga, wallahi yau mun haye," in ji Shiru, wanda aka laƙaba masa sunan don bakinsa ba ya hutawa. "Ni dai ƙafata arba'in da uku ce, a ware mini."

"Rufe mana baki, ɗan iska."

Minti goma sha ɗaya aka gama. Gatari ya finciko Tsinke daga kujera, ya jefa shi bayan mota a matsayin garkuwa, kamar yadda aka tsara. Yaya ta ɗago kai ta kurma ihu — mota ta riga ta fice!

Sufeton 'yan sanda ya iso bayan rabin awa, ransa a ɓace. Motarsa ɗaya ce mai tashi, kyamarar sito kuma ta mutu tun watan jiya, manaja yana ta cewa ai an kusa gyarawa. An kwashi mai gadi zuwa asibiti. Sufeto ya tara ma'aikatan teburin sitika su biyar, ya ƙare musu kallo.

"Ɓarawo ba ya shiga gida sai da ɗan gari," ya ce. "Ku kuke buɗe kwali, ku kuka san abin da ke ciki. Dukanku za ku bi ni."

"Ranka ya daɗe, ƙanena suka ɗauka," Yaya ta ce. "Ka bar mu, ka bi su."

"Zan bi su ina? Sama?"

Ta juya ta dubi kejin da aka wawashe, sai yanzu ta lura da abin da aka ɗauka. Wata dariya mara daɗi ta kufce mata.

"Ba ɗan teburina ba ne. Duk wanda ya taɓa liƙa sitika a nan ba zai ɗauki shuɗi ba."

"Don me?"

"Kamfanin da ke aiko mana ba ya haɗa ƙafa biyu a kwantena ɗaya, saboda ɓarayin hanya. Hagu daban, dama daban. In hagu ta iso mu sa mata shuɗi, in dama ta iso mu sa rawaya. Sai mun haɗa su ƙafa da ƙafa, lamba da lamba, sannan mu liƙa fara a fitar. Abin da suka kwasa hagu ce zalla. Damar tana tashar jirgin ruwa, sai Alhamis."

Sufeto ya sosa gemu. "To wanda ya ba su labari ya san keji, ya san lokacin abinci, amma bai taɓa buɗe kwali ba."

Mutum ɗaya Yaya ta sani da yake ɗaukar kwalayen nan kullum bai taɓa leƙa cikinsu ba. Sau nawa ta ce masa ya zo tebur ya koyi aiki, ya ce shi ba zai zauna cikin mata yana wasa da gam ba. Ta san irin mutanen nan, in suka buɗe kwali ba za su tsaya jin bayani ba.

A gareji kuwa an riga an buɗe. Dillalin da zai sayi kayan ya ɗauko takalmi ɗaya, ya jujjuya shi, ya yaba. Ya ɗauko na biyu, ya jera su a ƙasa. Ya daɗe yana kallo.

"Gatari, wasa kake da ni?"

Aka farke kwali na biyu. Na biyar. Na ashirin. Shiru yana zazzagewa yana zagi, takalma sun cika ƙasa, dukansu sun karkata gefe guda. Dillali ya kaɗe hannunsa.

"In kun samo garin masu ƙafa ɗaya ku kira ni," ya ce, ya shiga motarsa ya tafi.

Shiru bai ɓata lokaci ba, ya matso kunnen Gatari. "Oga, an yi mana sakiyar da ba ruwa. Shi da yayarsa ne. Sun ɓoye damar, mu mu ɗauki zunubi, su su ci riba."

"Ƙarya ne!" Tsinke ya ce. "Wallahi ban sani ba. Ni ɗagawa kawai nake yi."

Gatari ya ɗana bindiga, ya miƙa masa waya. "Kira ta. Ka tambaye ta inda sauran suke. In babu, kai ma babu."

Wayar Yaya ta yi ƙara a gaban Sufeto. Ta ɗauka.

"Yaya..." Muryarsa ta koma irin ta lokacin da yake ƙarami in ya yi ɓarna. "Yaya, don Allah, ina na daman suke?"

Ta runtse ido. Ko da take zargi, jin abin daga bakinsa ya fi mari zafi. In ta faɗi gaskiya, ta ce sai Alhamis, ta san a take za su harbe shi.

"Suna ƙaramin sito," ta ce. "Makulli na hannun manaja. Ku ba ni awa ɗaya in karɓo."

Babu wani ƙaramin sito. Gatari ya ƙwace wayar ya ce awa ɗaya, ba ƙari, kuma in ya ji ƙamshin ɗan sanda gawa za ta karɓa. Ya kashe.

Sufeto yana tsaye yana jira. Yaya ta san garejin. Sau biyu tana zuwa ta janyo Tsinke daga can da kwalar riga, tun kafin ta samo masa aiki. Ta kuma san cewa in ta faɗa, da bakinta ta miƙa ɗan uwanta ga kurkuku. Ta dubi injin sitika, ta dubi jinin mai gadi a siminti.

"Bayan kamfanin bulo, akwai gareji mai jar ƙofa," ta ce. "Ƙanena da su yake. Amma ka fito mini da shi da rai, ranka ya daɗe. Shi kaɗai nake roƙo."

Minti arba'in bayan haka 'yan sanda suka zagaye garejin, rabinsu a motar haya. Direban 'yan fashi ne ya fara hango su. Bai ce wa kowa komai ba — ya faɗa mota, ya banke ƙofa, ya bar abokansa a tsaye! Bai yi nisa ba harsashi ya fasa taya, mota ta kifa cikin kwata da shi a ƙasa. Shiru ya yar da bindiga, ya ɗaga hannu, tun kafin a tambaye shi ya fara lissafa sunaye. Gatari ya shaƙo wuyan Tsinke ya kare kansa da shi, yana ja da baya, yana harbi. Tau! Tau! Ƙafarsa ta taka takalman da ke warwatse, ya zame. Bindigarsa ta tashi a kafaɗar Tsinke, ta Sufeto kuma ta sami Gatari a ƙirji.

Gatari bai kai asibiti ba. Direba ma haka. Mai gadi ya yi kwana uku bai farfaɗo ba, ya cika, ya bar mata da 'ya'ya shida. Alƙali ya ba Shiru da Tsinke shekara ashirin ashirin. Yaya kuwa manaja ya sallame ta, ya ce ita ta kawo ɓarawo gida, shekara goma sha ɗaya da ta yi tana liƙa sitika ba ta isa a tuna mata ba.

Ranar da aka yanke hukunci Yaya ta tarar da mahaifiyarsu zaune a bakin gado, ba ta ci komai ba.

"An ce wani ne ya nuna wa 'yan sanda inda yake," tsohuwar ta ce. "Allah ya isa tsakanina da shi."

Yaya ta ajiye jakarta, ta durƙusa a gabanta.

"Ni ce, Inna."

Tsohuwar ta kau da kai. Yaya ba ta ba da haƙuri ba, don ba ta ga abin da za ta ba da haƙuri a kai ba, ko da yake zuciyarta kamar ta fashe.

"Ranar Asabar ake ziyara a kurkuku," Yaya ta ce. "Ki shirya, zan zo in ɗauke ki. Da makabarta za mu je, da ba zai amsa miki gaisuwa ba."