Dutsen Hanyar Kekuna

Magariba ta kawo jiki. Mwanasiti na tsakar gida tana kankare kwakwa, mijinta Rajabu kuma yana wanke jar ƙasar daji daga ƙafafunsa. Shi ne mai gyaran hanyoyin gandun dajin da ke bayan ƙauyensu, inda mutanen Mombasa ke zuwa gudu da hawan keke. A kan waɗannan hanyoyi ya fara ganinta, tana gudun asuba da gyale ɗaure a ƙugu.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Wani dutsen ya biyo baya. Rajabu ya zagaya gida bai ga kowa ba, ko kare bai yi haushi ba. Da ya dawo, ya tarar da matarsa a zaune, idanu a kafe, ƙafafunta suna gudu su kaɗai, dugadugai na dukan ƙasa.

Haka abin ya zama kowace magariba. Ƙafafun su yi ta gudu har su yi jini, da rana kuma su ƙi ɗaukarta. Ya riƙe, su fizge. Ya kira sunanta, ta dube shi kamar baƙo.

"Kai Rajabu, me ka kwaso daga dajin nan?" in ji mahaifiyarsa, Nchizumo.

"Babu komai, Mama."

Ta nuna baƙin dutsen da yake takawa in zai wanke ƙafa. "Wannan fa? Kaza ce ta saka shi?"

"Masu keke yake kayarwa a kan kwanar hanya, shi ya sa na ciro shi. Har wata ta karye."

"Kakanka sallama yake yi masa, ya kewaye. Kai da ka fi kowa wayo, ka mai da shi matakin wanka!"

Aka ɗauko Malam Shee. Ya turara lubban, ya daɗe yana karatu, har ƙafafun suka tsaya cak. Wata murya mai kauri ta fito daga bakin Mwanasiti.

"Dutsen nan dokin ƙofata ne. Tun da aka cire shi, tayoyi ke ratsa ɗakina. 'Ya'yana ba sa barci, kullum cikin gudu suke. Ita ma ta ɗanɗana."

"Ni na ɗauka, ni za ka kama!" in ji Rajabu, yana kuka.

"Naka gudun ba ya damunka. Nata ne ke damunka."

Malam ya ce za a mayar da dutsen, a karkatar da hanyar. Muryar ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: matar ba za ta sake taka dajin ba. Malam ya ja, ya roƙa, ya tsawatar da ayoyi. Muryar ba ta rage komai ba. Daga ƙarshe Malam ya dubi Rajabu, ya sunkuyar da kai, ya karɓi sharaɗin. Mwanasiti ta yi atishawa, ta ce, "Wa ya bar kwakwata a buɗe?"

Kafin wata magaribar Rajabu ya mayar da dutsen, ya yi masa sallama, ya karkatar da hanyar. Ƙafafunta suka warke.

Yanzu kullum da asuba takan raka shi har bakin shingen daji, ta tsaya. In ya fito, ba ta tambayarsa komai. Sai ta sa hannu ta ciro ganyen da ya maƙale a rigarsa, ta shinshina, ta ɗaure a bakin gyalenta.