Sallamar da Ban Amsa Ba a Dutsen Kurege

Shekara bakwai ba na gida. Na dawo na tarar an kafa ƙarfen waya a bayan makaranta, an rufe rijiyar Gwaggo Dije, ku kuma duk kun yi tsawo. Dutsen Kurege kaɗai ke nan yadda na bar shi. Ku matso. Hajo, rage fitilar nan.

Kun san Malam Barau mai littattafan jiragen sama, wanda ya ce wasu halittu daga taurari suna sauka a kan dutsen nan. An yi ta hira da shi a rediyo. Daga baya aka ce masu haƙar ma'adinai a ɓoye ne suka sa shi, don makiyaya su tsorata su bar wajen. Ya rantse ƙarya ake masa. To, ba ƙarya ba ce. Ni ne mai ɗaukar masa hoto. Ni nake ɗaura fitila a ƙaramin jirgi marar matuƙi, in tashe shi, in ɗauka.

Ranar ƙarshe, bayan isha, muna kan dutse. Malam ya ce kada in yi ko tari, na'ura tana naɗar sauti, muryar mutum za ta tona mu.

Sai wani dogo ya fito daga bayan tsamiya, da sanda a kafaɗa kamar makiyayi. Ba saniya ko ɗaya. Ya yi sallama.

Na buɗe baki, Malam ya matse min hannu.

Dogon ya sake yin sallama. Muryar ba daga bakinsa take fitowa ba. Daga ƙasa take tasowa, ina jin ta a tafin ƙafata. Na duba nasa ƙafafun. Suna taka ciyawa, ciyawar ba ta kwantawa.

Ya yi ta uku. Muka yi shiru.

"Kun kori maƙwabtanmu makiyaya da wutar ƙarya," in ji shi. "Mun zo da aminci, kun ƙi karɓa. Za mu biyo ku da shi har gida."

Ya juya. Fitilata ta faɗo a mace.

Dare na uku aka yi sallama a ƙofar Malam, da muryar mahaifiyarsa da ta rasu. Ya fita. Kai Ɗanliti, kwantar da hankalinka, Malam yana nan da rai. A Gusau yake, a ɗakin ƙaninsa. Ba ya magana, ba ya rubutu. Sama kawai yake kallo, ana ba shi kunu da cokali.

Ni na gudu. Legas, Agadas, har Sabha ta Libiya. Duk inda na kwana biyu, a dare na uku sai in ji sallama a ƙofa. Na taɓa amsawa daga ciki, ina kuka. Muryar ta ce lokacin amsawa ya wuce, fitowa ta rage. In ban fita ba, wani a gidan zai fita. Tun daga nan ba na yarda dare na uku ya same ni a gida ɗaya.

Da na dawo, Inna ta roƙe ni in kai Juma'a a gida. Na ce mata aiki ne ke jirana.

Kada ɗayanku ya bi hanyar dutsen nan shi kaɗai. In kuma baƙo ya yi muku sallama, ko wane ne, ku amsa tun ta farko.

Wannan ne darena na biyu. Hajo, miƙo min jakar can, da takalmana. Motar asuba ba ta jira.