Mai Hoto da Magini

Ranar da ta fara ganinsa haushinsa ta ji. Wani kamfanin kalanda ne ya turo ta ɗaukar hoton agogon rana da ke tsakiyar lambun shaƙatawa: ƙaton faifan dutse mai lambobi, da doguwar sandar ƙarfe wadda inuwarta ke nuna lokaci. Ta saita kyamara, sai ga wani saurayi zaune daram a kan faifan da 'yar guduma, yana sabunta lambobin da suka goge.

"Malam, don Allah ka matsa. Inuwarka ta cinye mini ƙarfe sha biyu."

Ya ɗago yana murmushi. "Hajiya mai hoto, ai ni na sassaƙa sha biyun. Ki ɗauke mu tare mana."

Ta harare shi, amma ta ɗauka. Gajimare ya ɓata mata aiki ranar, ta dawo washegari, ta kuma ci gaba da dawowa har bayan an buga kalandar. Shi yana ce mata Zumata, ita tana ce masa Magini.

Da maganar soyayyarsu ta kai kunnen Babanta, ya haɗe rai.

"Mai fasa dutse? Yau yana nan, gobe aiki ya kai shi wata uwa duniya. Ga ɗan abokina mai kantin magani yana ta sintiri. Ba zan yi miki dole ba, amma wancan ban yarda ba."

Mai kantin maganin kuwa ɗan wayo ne. Ya ce hoton talla yake so, kuma a gaban agogon. Tana gyara masa wuyan riga ya sa abokinsa ya ɗauke su, ya watsa a intanet, ya rubuta a ƙasa: "Saura ƙiris."

Da la'asar saƙon Magini ya shigo: "Na gani. Allah Ya sanya alheri. Ki yafe mini lokacinki da na ɓata."

Ta kira, wayarsa a kashe. Ta rubuta masa: "Wallahi aiki ne ya kai ni. Ka ɗauka ko zagina ne ka yi." Ta sake: "Magini, ba na iya cin abinci. Ka tausaya mini."

Ta je lambun, mai gadi ya ce bai gan shi ba. Ta je shagonsa, ta tarar da kwaɗo. Ta rame har Umma ta fara tsorata. Daga ƙarshe ta gano gidan yayarsa, matar ta dube ta, idonta ya kawo ruwa.

"Ranar da ya ga hoton nan hankalinsa ba ya jikinsa, dutse ya faɗo masa a hannun dama. Yana asibiti. Ya ce kada a gaya miki, wai me za ki yi da magini marar hannu."

Ba ta san yadda ta kai gida ba. Ta zube gaban Baba, ta miƙa masa wayar.

"Baba, dubi ƙaryar da aka yi mini. Ga wanda ta kusa kashewa can a kwance. Ban taɓa saɓa maka ba, amma idan na rasa shi ban san yadda zan yi ba."

Baba ya daɗe yana kallon hoton. "Da mutuncin 'yata yaron nan ya yi wasa?" Ya miƙe. "Ɗauko mayafinki."

A asibiti Magini ya yunƙura zai tashi, Baba ya dafa kafaɗarsa.

"Kwanta. Me likita ya ce?"

"Yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasuwa ba, Baba. Ba ni da abin da zan riƙe ta da shi."

"Wa ya tambaye ka yatsu?" ta faɗa cikin kuka.

"Zumata..." ya faɗa yana kallonta.

Baba ya kawar da kai yana gyaran murya. "Idan an sallame ka, ka turo manyanka."

Bayan ya warware aka ɗaura aure, a lokacin ya fara koyon riƙe guduma da hagu. Da za a tafi da amarya, Umma ta rungume ta, Baba kuwa ya kama hannun angon, wanda ya ji ciwon, ya riƙe a hankali.

"Na so in cuce ku ban sani ba. Ga amana nan. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin.