Waya a Tukunyar Masara

A unguwarmu akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Uwarta, Doña Fermina, gurasar masara take yi. Masu sayar da abinci a kasuwar garinmu, Totonicapán, ta waya suke gaya mata yawan da suke so. Saboda haka wayar nan ba abin wasa ba ce, kuma yaran gidan sun sani.

Wata rana uwar ta shiga maƙwabta. Ta bar yarinyar tana wanke masarar da aka dafa da farar ƙasa, kamar yadda ake yi a nan kafin a niƙa ta. Ita kuwa sai ta ɗauko wayar tana kallon masu rawa. Hannu ɗaya a masara, ɗaya a waya. Haka ake aiki? Wayar ta suɓuce, ta faɗa cikin tukunyar.

Ta tsamo ta da sauri, ta goge da siket ɗinta. Ta danna, ta ga ta kawo haske. Sai ta mayar da ita wurinta, ta ja bakinta ta yi shiru.

Da yamma yayanta Cirilo ya dawo daga filin ƙwallo, ruwan sama ya jiƙa shi sharkaf. Ba a jima ba uwar ta sa wayar a caji. Wayar ta yi wal-wal, ta mutu. Da ta girgiza ta, ruwa ya ɗiga a tafin hannunta.

Ta juya ta dubi Cirilo tun daga kai har ƙafa. Dama an sha kama shi ya fita da wayar don ɗaukar hoton abokansa.

"Mama, yau ko taɓa ta ban yi ba," in ji shi.

"To ita ta fita yawo cikin ruwan da ƙafarta?"

Ta ce ba zai je wasan ƙwallon makarantu na ranar Asabar ba. Shi ne mai tsaron gida, kuma ya daɗe yana jiran ranar. Ya yi rantsuwa har ya gaji, ba ta saurare shi ba. Ta tura wayar cikin buhun shinkafa ta ɗaure, wai don shinkafar ta tsotse ruwan.

Washegari yarinyar ta share tsakar gida ba a sa ta ba. Ta wanke kasko ba a sa ta ba. Abinci ma kaɗan ta ci. Uwar tana kallonta ta gefen ido. Ni ma idan yaro ya fara irin wannan ladabi farat ɗaya, nakan sa masa ido.

Wayar dai ba ta tashi ba. Ranar Juma'a uwar ta tasa su biyun a gaba zuwa rumfar Don Anacleto mai gyaran waya.

Ya ce shinkafa ba ta isa inda ruwan ya shiga, kuma sa jiƙaƙƙiyar waya a caji kuskure ne babba. Ya buɗe ta, ya cire batir. Sai ya tsaya. Wani farin gari ya manne ko'ina a cikinta. Ya tambayi irin ruwan da ta shiga. Uwar ta ce ruwan sama.

"Doña, ruwan sama ba ya barin wannan farin abu," in ji shi. "In shi ne, busarwa kawai zan yi. In wani ruwa ne, ku faɗa mini, don yana nan yana cin cikinta."

Uwar ta kama kunnen Cirilo, ta ce ya faɗi kwatar da ya jefa ta. Hawaye ya cika idonsa, ya ce bai sani ba. Ta ƙara murɗawa. Amma ba shi take kallo ba. 'Yarta take kallo.

Sai yarinyar ta matso gaba.

"Mama, ki sake shi. Ni ce. Ina kallon masu rawa ta faɗa a ruwan masara."

Don Anacleto ya ce da tun ranar aka kawo ta, da aikin ya fi sauƙi. Ya ɗauko ƙaramin buroshi da sifirit, ya wanke farar ƙasar a hankali. Ya ajiye wayar a buɗe gaban fanka, ya ce su dawo gobe.

Sai da suka isa ƙofar gida uwar ta ce wa Cirilo ya je ya wanke rigar wasansa. Ta kuma ce ta zarge shi a banza, ya yi haƙuri. Yarinyar ita ma ta roƙe shi gafara.

"Na yafe, sarkin rawa," in ji shi. "Amma ke za ki goge mini takalmi."

Ta goge. Uwar ta ce daga ranar yarinyar ce kaɗai za ta riƙa kai masara wurin niƙa da safe, har makaranta ta yi hutu. Ba ta yi musu ba.

Ranar Asabar wayar ta tashi. Muryarta ta ɗan dishe, amma ana ji. Cirilo ya tsare gidansa, ƙanwarsa tana bakin fili tana yi masa tafi.

Yara, kada ku taɓa abin da aka hana ku. In kuwa kun taɓa har ya lalace, ku faɗa nan take. Ɓarnar da aka ɓoye ƙaruwa take yi, kuma wanda bai yi laifi ba shi ke shan wahalarta.