Izinin da Suhail Ya Musanta

Zakiyya tana tsugune a tsakar gida tana wankin zannuwan surukarta, Hajiya Adama, sai ta sake ganin abin da ya hana ta sukuni: ɗigon jini a zanen matar da ta daɗe da daina al'ada. Ta yi maza ta cusa shi cikin kumfa. A gidan nan na Ƙofar Doka ko sunan mijinta ba ta iya kira a gaban Hajiya, balle ta tunkare ta da zancen mahaifa.

Da mijinta Suhail ya dawo daga ofis, ta ajiye masa abinci ta zauna kusa da shi.

"Yaya, na ji a rediyo gwamnati na gwajin dajin bakin mahaifa kyauta a asibitin unguwa. Ina so in je."

"Ba matsala, madam! Ni da kaina zan sauke ki."

Ba ta faɗa masa dalili ba, don ba a gaya wa ɗa irin wannan a kan uwarsa. Dabararta ita ce, in Hajiya ta ga ta je ta dawo lafiya, ƙila ta yarda a kai ta.

Suhail ya kai ta a babur, aka yi mata gwajin, sai ga shi a jikinta aka ga abu. Nas ta ce ɗan tabo ne da bai zama daji ba, aka yi mata maganinsa a ranar. Ta bayyana mata cewa ƙwayar cutar HPV ce ke kawo shi, ana ɗaukarta ta saduwa, kuma mutane da yawa, maza da mata, suna ɗauke da ita ba su sani ba. Sai dai maƙwabciyarsu Sailuba tana kan layi, kunnenta a miƙe. Kafin Zakiyya ta iso gida labari ya riga ta, har ya yi ƙiba a hanya.

"Cutar kwanciya!" Hajiya ta daka tsawa. "A gidan malamai! Suhail, kai ka ba ta izinin fita?"

Suhail ya sunkuyar da kai. Ya san in ya ce e, tambayar da za ta biyo baya ita ce: to daga wa ta ɗauko, in ba daga gare shi ba?

"Ban san da fitarta ba, Hajiya."

Zakiyya ta ji kamar an zare mata ƙasa.

"Yaya! Kai fa ka goya ni a babur, ka sauke ni a bakin get..."

"Rufe mini baki! A gabana za ki ƙaryata shi? Tattara ki tafi gidanku!"

Zakiyya tana haɗa kaya tana kuka, tana jiran Suhail ya ɗaga labule ya ce wani abu. Bai shigo ba. A soro ta ci karo da yayarsa Batul, ta riƙo hannunta.

"Anti Batul, yanzu wankin Hajiya ya dawo hannunki. Don Allah ki duba zannuwan da kyau."

A gidansu na Tudun Jukun, Zakiyya ta rame. Ba ciwon ne ya ci ta ba, maganar nan ce guda ɗaya. Mutumin da ya sha rantse mata cewa ita ce rayuwarsa, shi ya tsaya ya bari aka yi mata kallon mazinaciya don ya wanke kansa. Kullum wayarta na ƙara da saƙonsa: "Sori, fulis ki fahimce ni." Ba ta taɓa amsawa ba, kuma ba ta taɓa zaginsa a gaban kowa ba.

Batul kuwa ta duba, ta gani. Da kuka da magiya ta ja Hajiya asibiti. Likita ta ce daji ne, amma an zo da sauran lokaci, za a iya yin aiki.

"Me ke kawo shi, 'yar nan?"

"HPV ce, Hajiya."

Cutar da Hajiya ta kori Zakiyya a kanta ke nan. Ita da aka kawo ta ɗakin miji ɗaya tana yarinya, ko zaure ba ta leƙawa! Tana komawa gida ta sa aka kira mata Suhail.

"Zan sake tambayarka, kuma Allah na jinka. Ka ba ta izini?"

Ya fashe da kuka. "Ni na kai ta, Hajiya."

Bayan an yi aikin ta ɗan murmure, Hajiya da kanta ta je biko, abin da unguwar ba ta taɓa gani ba. Ta kama hannun Zakiyya, hawaye na zuba.

"Na kore ki da ƙazafi, ke kuma kika bar mini rai a hannun Batul. Ki yafe mini, 'yata."

"Na yafe, Hajiya. Roƙona ɗaya: Nana 'yar Anti Batul ta kai shekara tara, a kai ta rigakafin HPV, kyauta ne. Kada ta ga abin da muka gani."

"Gobe ma, ni zan raka ta."

Suhail ya matso a sanyaye. "Ni fa, Zakiyya?"

Ta juyo ta dube shi.

"Zan koma, Yaya. Amma daga yau, duk ranar da zan fita, a gaban Hajiya za ka ba ni izini."

Haƙurinta ya mayar da ita ɗakinta da daraja, ya kuma ceci ran wadda ta kore ta. Gwaji ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne namiji ya bar matarsa a hannun zargi don ya tsira. Har yau Suhail yana zuwa ƙofar ɗakin uwarsa ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, na ba ta izini." Kuma duk sanda ya faɗa, ba ya iya haɗa ido da Zakiyya.